Ɓarawon Teku da Masoyansa na Kan Tudu

Daga Kunchi zuwa bakin teku tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000 a mota, kuma akasarin mutanen Makoda da Bichi da Tsanyawa za su ƙare kwanakinsu ba su yi ta ba. Iyakar ruwan da suka sani shi ne madatsar Tomas, ko ta Watari da ke Bagwai, sai kududdufin bayan gari wanda kafin bazara ya koma ramin haƙar ƙasar gini. Duk da haka, in kaka ta wuce, dami ya shiga rumbu, harawa ta hau bishiya, mai gidan kallo ya ɗauki alli ya rubuta cewa yau bayan isha'i akwai fim ɗin 'yan fashin teku, to wanda ya tsaya cin tuwo a natse a tsaye zai yi kallo. Ƙwallo ce ke ciyar da gidan kallo, wannan ba gardama. Amma a daren da babu Arsenal babu Madrid, Kyaftin Jack Sparrow ne ke sayen man janareta.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne ɗan fashin da Johnny Depp ya fito a matsayinsa a jerin fina-finan Pirates of the Caribbean na kamfanin Disney, guda 5, daga 2003 zuwa 2017. Kwalli raɗau a ido, jan ƙyalle a ka, gashi duk tarkace, tafiyarsa kamar ta ɗan akuyar da aka haifa yanzun nan. Ba gona, ba mata, ba wanda ya san unguwarsu. A ƙauye mai irin wannan siffa ko aron allura ba za a ba shi ba, amma a talabijin rumfa guda ta manoma ke masa kirari. Fim ɗin dai kowa na iya gani a waya. Abin da ba a tura wa mutum a memori shi ne 'yan kallon.

Tun a ƙofa za ka ci karo da Na-Riga-Na-Gani. Da an nuno mutum sai ya ce, “Wannan ba zai kai ƙarshe ba.” Da an nuno biri sai ya ce, “Ku sa ido a kan birin nan, shi ma ba ya mutuwa.” A ce masa, “Don Allah Malam ka bari mu gani da idonmu,” ya yi shiru na minti guda, sannan ya raɗa wa na kusa da shi da muryar da ake ji har wajen mai rake. Ran da labari ya saɓa wa abin da ya faɗa kuwa, ko a jikinsa: an yanke fim ɗin ne, wanda ya gani a Kano ya fi wannan tsawo.

Shi ana iya korar sa. Wanda ba ya koruwa, don ba a yi sai da shi, shi ne Tafinta. Fina-finan Indiya sun samu gata tun da masu fassara irin su Algaita a Kano suka sa Indiyawa suna zuba Hausa har da habaici. Na Amurka kuwa sau da yawa da Turancinsa yake isowa ƙauye, Turancin ma na mashaya masu magana ta cikin gemu. Nan Tafinta ke samun aiki. Ya gama sakandare, Turanci ne ma ya hana shi wucewa gaba, amma a rumfar nan shi ne farfesa. Ƙa'idarsa ɗaya ce: doguwar magana ya gajarta ta, gajeriya ya ja ta. Kyaftin Barbossa zai tsaya ya yi ta yi wa Elizabeth, 'yar Gwamna, bayanin tsinuwar da ta hau kansa da mutanensa, yadda suke ci ba sa ƙoshi, suke sha ƙishirwa ba ta tafiya. Jama'a su juyo: “Me ya ce?” Tafinta ya gyara zama: “Ya ce yau kashinta ya bushe.” Jak ya furta kalma ɗaya tak yana kaɗa yatsa, Tafinta ya kwashi minti uku yana ba da tarihin rigimar gado tsakanin Jak da ƙanin ubansa, wadda ko marubutan fim ɗin ba su da labarinta.

Ya kuma raba wa kowa muƙami irin na gida. Gwamnan Port Royal, uban Elizabeth, shi ne Hakimi. Norrington mai kakin sojan ruwa DPO ne. Mutanen kamfanin East India 'yan kwastan ne. Tsibirin Tortuga, inda ake kwana ana sha ana dambe, bai wahalar da kansa ba, ya ce Sabon Gari. A ta bakinsa Will Turner yaron maƙeri da Elizabeth 'ya'yan wa da ƙani ne, an yi musu baiko tun suna yara, kuɗi ne suka sa Hakimi ya so ya juya magana. Ni a ganina fim ɗin Tafinta ya fi na Disney ma'ana, domin a nasa kowa yana da dalilin abin da yake yi. Rikici sai ran da aka samu tafintoci biyu a rumfa ɗaya: bencin gabas na kallon labarin cin amana, na yamma na kallon labarin kishi, a tashi kowa ya gamsu, washegari a majalisa a kusa ba hamata iska.

Sai Ɗan Legas. Ci-rani ya kai shi, ya yi gadi a Apapa ko dako a kasuwar Mile 12, ya dawo da baƙin tabarau da abin da ya fi tabarau daraja, wato ya ga teku da idonsa. Tun daga ranar, duk ruwan da aka nuna a talabijin sai an ji ta bakinsa. Guguwa ta taso, jirgi na tangaɗi, jama'a na salati, shi kuwa ya taɓe baki: “Wannan ai wasa ne, ku je Apapa da damina.” A fim na biyu, na 2006, inda dodon ruwan nan mai hannuwa barkatai ya rungume jirgi ya karya shi biyu, aka juyo gare shi, ya ɗan yi jim, ya ce shi dai bai gan shi ba, amma wani ɗan Gezawa da suka yi gadi tare ya ga jelarsa. Abin da ba ya faɗa shi ne daga kan gada, ta tagar motar haya, ya yi duk wannan ganin. Abokin gabarsa shi ne Alhaji, wanda ya sauka a Jidda ya hango Bahar Maliya daga cikin bas ɗin alhazai. Ɗan Legas ya fi shi daɗewa a bakin ruwa, amma Alhaji na da hujjar da ba a ja da ita: “Nawa tekun shi ya ci Fir'auna. Naka wa ya ci?” Su biyun kuwa in rafi ya kawo a watan Agusta, a gaɓa suke zama su jira ya janye, tare da awaki.

Akwai waɗanda sana'arsu ke biyo su har cikin rumfa. A fim na farko Jak da Will Turner sun kara da takubba a cikin maƙera, har kan katakon rufi, kuma wurin ne yara ke miƙewa tsaye. Maƙerin gari kuwa bango yake kallo, yana ƙirga takubban da aka rataye, yana neman inda aka sa zugazugi, ya yanke hukunci cewa ƙarfen bai sha wuta ba, shi ko lauje ba zai ƙera da shi ba. Na kusa da shi mai jaki ne, mai kai taki gona da mangala, kuma a nan ne ya raba gari da Jak har abada, don Jak ya ɗana wa jakin maƙerar jan ƙarfe domin ya juya inji ya tsinke masa sarƙar hannu. Daga nan har fim na biyar, duk masifar da ta samu Jak sai ka ji murya daga baya: “Alhakin jaki ne.” Da faɗan ya zo ƙarshe, maigidan maƙerar da ke kwance a buge ya farka ya rotsa wa Jak kwalba a ka, aka yi masa jinjina, aka manta da yaron da ya yi aikin. Sai wata ajiyar zuciya ta tashi a lokaci guda daga yaran tela da yaran kanikawa da yaran masu walda. Wannan wurin ba ya bukatar Tafinta.

Ɗan awo mai kai hatsi Dawanau, da ya ji zinariyar da ta jawo wa 'yan fashin tsinuwa, wadda ke cikin wani akwatin dutse, guda 882 ce, ya daina jin komai. Igwa na tashi, shi leɓensa na motsi: yana raba ta ga mutanen jirgi, yana cire ladan dillali, yana mayar da ita buhunan gero. Abin da ya kasa yafewa shi ne a ce mutane sun samu irin wannan dukiya sun ƙarar da ita a shaye-shaye, ba wanda ya sayi ko shanun huɗa. Mai shayi kuwa, da ya bar yaronsa a tebur ya leƙo, shi kaɗai ne a rumfar ke goyon bayan Davy Jones mai gemun da ke motsi da kansa. Jones ya tsamo wa Jak jirginsa Black Pearl daga ƙarƙashin teku bisa alkawarin ya yi kyaftin shekara 13, sannan ya zo ya yi masa bauta shekara 100. Lokaci ya cika, Jak ya shiga kwana-kwana, yau ciniki, gobe gudu. Mai shayi ya ɗaga murya, ba tare da ya kalli kowa ba: “Haka suke. Ran karɓa baki har kunne.” Benci biyu su sunkuyar da kai, wani mai ƙarfin hali ya ce a hankali, “Bashi ai hanji ne.”

Wanda nake tausayi shi ne Mai Neman Akta da Bos. A kan fim ɗin Indiya ya tashi, tun ana kiran Dharmendra Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuma Ɗan Daba Mai Lasin, kuma a iliminsa duniya kashi biyu ce: akta, wanda aka kashe wa uba, da bos, wanda zai mutu a ƙarshe. Minti goma da farawa zai tambaya, “Wai wane ne aktan?” A nuna masa Jak. Sai ga akta ya zare jakar kuɗin mai karɓar harajin tasha, ga mata suna bin layi suna sharara masa mari, ga shi yana gudu yana ihu hannuwa a sama. “A'a, wannan ɗan ban dariya ne, aktan yana zuwa.” Hankalinsa ya kwanta da aka harbe Barbossa a ƙarshen fim na farko, ya ce alhamdu lillahi an dai kashe bos. A ƙarshen na biyu sai ga bos ya sauko daga bene da ransa yana cin tuffa. Ranar ya nemi a mayar masa da kuɗinsa. Indiyawa sun so su share masa hawaye a 2018 da Thugs of Hindostan, inda Amitabh Bachchan ya fito a jagoran masu yaƙar kamfanin Ingila a kan teku, ga takubba, ga igwa, ga rawa. Amma Aamir Khan, da ya shigo a kan jaki da kwalli a ido, shi ma maci amana ne da safe, ɗan kishin ƙasa da yamma. A Indiya masu sharhi sun yi wa fim ɗin ca. Mutuminmu ya ce ko ba komai an yi waƙa, mai jaki kuma ya ce wannan ya san darajar dabba.

Ustazu ba ya shiga gidan kallo. Ƙaninsa ya zo kira, shi ya sa yake tsaye a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Yana nan aka nuno hasken wata ya sauka a kan 'yan fashin sun koma ƙwarangwal, ya ce “A'uzu billahi,” ya matso taku ɗaya don ya ga iyakar ɓatan. Da Tafinta ya bayyana cewa tsinuwar ba za ta sauka ba sai sun mayar da zinariyar da suka ɗauka duka, ba sauran ko ɗaya, sai fuskarsa ta washe: “To ai wannan shi ne sharaɗin tuba. Haƙƙin mutane sai an mayar.” Daga nan ya samu gefen benci. Ya yi tir da giyar, ya sa wa Elizabeth albarka da ta cinna mata wuta a tsibiri, ya tambaya ko kamfas ɗin Jak, wanda ba ya nuna arewa sai abin da zuciyar mai riƙe da shi ta fi so, yana iya nuna alƙibla. Wani shaƙiyyi daga baya ya ce, “Allah gafarta Malam, ya danganta da mai riƙewa.” Ƙanin da aka zo kira tuni ya sulale gida ya yi barci. Ustazu ne na ƙarshen fita, yana faɗin lallai ya kamata hukuma ta duba irin waɗannan fina-finai, sannan ya ja mai gidan kallo gefe ya tambaye shi yaushe za a sa ci gaban.

Ɗan tauri bai ga abin mamaki ba ko kaɗan. An soka wa mutum takobi ya zare ya ci gaba da magana? Magani ya sha, kuma shi ya san haɗin, saura ganye ɗaya. Tia Dalma ta ba Jak ƙasa a kwalba don kariya daga Davy Jones, wanda ba ya taka tudu sai sau ɗaya a shekara 10? Matar ta san aikinta, sai dai da ta haɗa masa da ƙasar shuri. Abin da ke ci masa rai kawai shi ne yadda asiran nan suka faɗa hannun Turawa, kuma ya san ta inda suka fita: wani kakansa ne ya yi sakaci.

Ɗan siyasar mazaɓa sai a fim na uku yake farkawa, inda shugabannin 'yan fashi 9 suka taru zaɓen sarki, kowa ya zaɓi kansa, Jak ya jefa wa Elizabeth tasa ƙuri'ar ta ci da biyu. Ya ce zaɓen fid da gwani na jam'iyyarsu ma haka aka yi, illa dai su an ba daliget na goro. Mai barci kuwa igwar farko ce ke kwantar da shi, kuma gobe shi zai fi kowa gardama a kan yadda aka ƙare. Yaran da ba su da kuɗin shiga suna waje, ido ɗaya a hujin kwano. Rabin fim suke gani, amma washegari duk karan dawar da aka jingine don danni ya zama takobi, amalanken shanu ya zama Black Pearl, kafin azahar an kai ƙara gida uku.

Malamin makarantar boko da niyyar ɓata wa mutane jin daɗi yake zuwa, kuma yana da kayan aiki. Zai gaya maka 'yan fashin gaske ba su tsaya a tekun Karebiyan ba, har gaɓar Afirka ta Yamma sun zo. Bartholomew Roberts, wanda ya kama jirage sama da 400, a jirgin cinikin bayi yake aiki a gaɓar ƙasar Gana ta yau lokacin da 'yan fashi suka kama shi a 1719, cikin makonni shida ya zama shugabansu. A Janairun 1722 ya ritsa jiragen bayi a tashar Wida, a Jamhuriyar Benin ta yau, wanda aka ƙi biyan fansarsa mutanensa suka cinna masa wuta da bayin ɗaure a ciki. A Fabrairu sojan ruwan Ingila suka kashe shi a gaɓar Gabon, aka rataye 52 daga mutanensa a Cape Coast, baƙaƙen fatar cikinsu kuma aka sayar da su bayi. Duk gaskiya ne, kuma ba mai son ji ana tsakiyar lilo da igiya. Abu ɗaya ne a karatunsa ke samun kasuwa: wai mutanen jirgi ne ke zaɓen kyaftin, suna iya tsige shi, in an zo rabon ganima kuma kaso biyu kawai yake ɗauka inda kowa ke ɗaukar ɗaya. Nan 'yan ƙwadago kan yi shiru suna kallon ƙeyar mai gonar da ke zaune a bencin gaba. Mai rediyo a kafaɗa ya ƙara da cewa ba sai an koma 1722 ba: a 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a tekunan duniya, 130 a mashigin tekun Gini ne, kuma Buhari ya ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue a Legas a 2021. Ɗan Legas ya gyaɗa kai, ya ce yana wurin.

Mata ba sa zuwa rumfa, fim ɗin ne ke zuwa musu. Yaro ya kai memori wurin mai caji a tura masa, waya ta shiga cikin gida, a jingine ta da turmi bayan an sauke tuwo. Sharhin cikin gida ya fi na rumfa kaifi. Uwargida ba ta ga jarumi a jikin Jak ba, ta ga mutumin da ya shekara ba wanka alhali a kan ruwa yake zaune. Amarya na bayan Elizabeth, 'yar Hakimin da ta bar zaɓin ubanta ta bi yaron maƙeri, kuma da ɗan ƙarfi take faɗin haka. Gwaggo kuwa ba ta yarda wasa ne ba. Duk wanda ya faɗa ruwa sai ta yi masa salati ta tambayi ɗan wane ne, in ya sake fitowa ta ce, “Allah mai iko, ashe da sauran kwana.” Tambayarta da har yau ba a amsa ba ita ce wa ke yi musu girki, kuma ina suke samun itace.

Akwai mutum ɗaya da ba ya dariya a inda kowa ke yi. Jak ya fara bayyana ne a tsaye a ƙololuwar wani ɗan jirgi da ke nutsewa, ya taka gaɓa daidai lokacin da ruwa ya gama haɗiye jirgin, rumfa ta ɓarke da dariya. Mai kwale-kwale daga yankin Bagwai ba ya cewa uffan. Ranar 30 ga Nuwamba 2021 jirgin da ya taso daga Badau ya kife a madatsar Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. Yakan kalli sauran fim ɗin, har ya yi murmushi wurin biri, amma wurin nutsewa ƙasa yake kallo, kuma waɗanda suka san daga ina yake ba sa zolayar sa.

Tambayar da ta fi kowace nauyi kuwa daga bakin Baba ta fito. Jikoki suka ja shi, ya zauna da sandarsa tsakanin ƙafafu, bai kula da takobi ba, bai kula da ƙwarangwal ba. Jirgi ya ga yana ta tafiya, ba gari, ba bishiya, ba kowa. Ya taɓa na kusa da shi: “Kai ɗan nan, duk wannan filin na wane ne?” Aka ce, “Baba, ruwa ne, ba na kowa ba ne.” Ya ce, “To ina iyaka?” Aka ce babu. Ya daɗe bai ce komai ba.

Sai wanda ya san ƙasar nan zai gane shirun. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ta Bayero, tun shekarun 1960 ya duƙufa nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, saboda yadda mutane suka cika ta maƙil, ake noma gona kowace shekara ba hutu, da takin dabbobi da sharar birni, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Gonar kaka an raba wa 'ya'ya, ta 'ya'ya an raba wa jikoki, har ta kai ana ƙirga rabo da kunya. Kowane gawo, kowace kuka, kowace ɗorawa da mai ita. Garma ta ci kunya ɗaya ta maƙwabci, sai gaban Mai unguwa, in ta ƙi Dagaci, in ta ƙi kotu. Akuya da damina a turke take. Mutum ma kafin ya kai masallaci an san ɗan wa ne, an san nawa ake bin sa. Wanda ya tashi a nan, a nuna masa filin da ido ba ya kai ƙarshensa, ba burtali, ba magada, da wani taƙadari mai juya jirginsa duk inda ya ga dama, ba surukin da zai durƙusa wa, ba takin zamani da zai ci bashi, ai dole ya biya kuɗin benci. Wannan ne ke cika rumfa, ba takubba ba. Takubba akwai su a fim ɗin Caina, kuma sun fi iyawa. Shi dai Baba da aka tashi ya dafa sandarsa ya ce, “Allah ya kyauta. Fili har fili, ba inda za a sa iri.”

Sai dai kada soyayyar nan ta ruɗe ka. Garuruwan da ke iyaka da Katsina, irin su Shanono da Tsanyawa, sun san 'yan fashi na gaske, masu zuwa a kan babura cikin dare, kuma ba wanda ya taɓa yi musu tafi. Jak ya tsira ne don abin da yake sata na Gwamna ne da na kamfanin Turawa da na ɓarayi 'yan'uwansa, ga kuma ruwa ya raba shi da garken kowa. Mutanen nan da suka tafa masa da ya sace jirgin yaƙin Ingila sukutum, su ne dai in janareta ya yi tari ya mutu, aka kunna tocila aka ga wayar wani ba ta wurin caji, za su rufe ƙofa a caje kowa har Ustazu. Wanda aka samu da ita kuwa, Tafinta da Ɗan Legas da mai jaki za su haɗu a kansa, sai 'yan sintiri sun zo sun ƙwace shi.

In hanya ta bi da kai Dambatta ran Lahadi, ka ci kasuwa dare ya yi maka, ka nemi gidan kallo ka shiga. Ka zauna kusa da Tafinta, nesa da ɗan tauri, domin shi in an zo wurin faɗa da hannu yake kallo. Takalmanka ka bar su a ƙafarka, waya kuma a aljihun gaba.